Sauya batirin babur ɗin ruwa: amsa ga mai tambaya daga Ubhur

"Assalamu alaikum Mu'allim. Ni ɗan'uwanku ne, ina aiki a Ubhur, arewacin Jidda. Ni nake kula da babur ɗin ruwan maigidana, wanda Larabawa ke ce wa dabbab bahari. Ya yi kusan wata uku a kan tirela ba a tayar da shi ba. Yanzu in na danna madannin tayarwa sai in ji ƙas-ƙas kawai. Mun yi masa ishtiraki da mota, wato mun jona batirinsa da na motar, ya tashi, washegari ya sake ƙi. A jikin batirin an rubuta YB16CL-B, kuma bai wuce shekara ɗaya da rabi ba. Mai shago ya ce ba shi da irinsa, sai YTX20L-BS ko na litiyam. Wani abokina kuma ya ce in sa ƙaramin batirin mota, ya fi ƙarfi ya fi araha. Wanne zan saya, kuma yaya ake sauyawa ba tare da na ɓata wani abu ba?"

Wa alaikumus salam wa rahmatullah, ƙanena. Allah ya yi wa nema albarka. Idan na fahimce ka, abu biyu kake nema: batirin da ya dace, da yadda ake cire tsoho a sa sabo. Zan ƙara maka na uku wanda ba ka tambaya ba, kuma shi ne zan fara da shi: shin batirin ne ya mutu, in kuwa shi ne, me ya kashe shi? Domin abin da ya kashe na shekara ɗaya da rabi yana nan yana jiran sabon, in ba ka gano shi ba.

Abin da ke kashe batir a gaɓar Bahar Maliya

Batirin babur ɗin ruwa ba yawan aiki ke kashe shi ba, zama ne. Batir mai dalma da asid, ko ba a jona shi da komai ba, cajinsa na zurarewa da kansa. Irin naka mai ruwa, a lokacin zafi yana iya rasa kusan kashi 1 cikin 100 kowace rana, kuma duk ƙarin zafi na digiri 10 yana kusan ninka saurin zurarewar. Ka san zafin Jidda, garin da ma'auni ya taɓa kai wa digiri 52 a watan Yunin 2010. Babur da ke kan tirela a rana, an rufe kujera an lulluɓe da tamfol, cikinsa ya fi waje zafi nesa ba kusa ba. Wata uku a irin wannan hali sun isa su sauke batir ƙasa warwas.

Saukar cajin ita kaɗai ba ita ce ɓarnar ba. Idan batir ya sauka aka bar shi a haka, wani farin gishiri yana taruwa a kan farantan dalmar da ke ciki. In an yi caji da wuri yana narkewa ya koma cikin ruwan. In an bar shi makonni sai ya daskare ya toshe farantan, daga nan ko an yi caji, batirin zai nuna ya cika amma ba zai iya ɗaukar nauyin inji ba. Shi ya sa a wurin aikinmu batiran baburan haya da ke fita ruwa kullum sukan fi na masu gida daɗewa, alhali na masu gidan ba su yi rabin aikinsu ba.

Sai gishiri. Ruwan Bahar Maliya yana ɗauke da gishiri kusan giram 40 a kowace lita, ya ɗara na manyan tekuna da ke wajen giram 35. Danshin da ke cikin ɗakin inji yana cin kan batir da kan wayoyi, har ya bi ta ƙarƙashin roba ya mai da jan ƙarfen kore. Waya irin wannan daga waje lafiya lau, amma wuta ba ta wucewa yadda ya kamata.

Kafin ka kashe riyal ko ɗaya

Ƙas-ƙas ɗin da kake ji rilen kik ne yake haɗuwa yana saki, saboda wutar da ke isa gare shi ba ta isa ta riƙe shi ba. Yawanci batir ne, amma ba kullum ba. Samo ƙaramar mitar gwajin wuta, ka sa ta a ma'aunin bolt 20 na wutar batir. Ka tabbata batirin ya huta aƙalla awa biyu ba caji ba aiki, sannan ka ɗora jan tsinke a kan (+), baƙi a kan (−), a jikin dalmar batirin kanta.

Batir mai ruwa da ya cika zai nuna bolt 12.6 ko sama kaɗan. In ya nuna 12.4 ya ragu, yana son caji. In ya nuna 12.0 ko ƙasa, ya sauka sosai. In kuwa bayan caji ya tsaya wajen 10.5, ɗaki ɗaya cikin ɗakunansa shida ya mutu, wannan kam ba gyara. Duba kuma ruwan ɗakunan ta jikin robar: in ya sauka ƙasa da layin ƙasa har farantai sun fito fili, zafi ya ƙafar da shi.

Wannan awon farko ne kawai. Gwaji na gaskiya shi ne a ƙarƙashin nauyi. Ka fitar da batirin ka yi masa caji cikakke a waje, ka mayar, ka bar tsinkayen mitar a kansa, wani ya danna madanni na daƙiƙa uku zuwa biyar. Batir mai lafiya zai sauka zuwa wajen bolt 10 ko 11 yana juya inji. In ya faɗi ƙasa da 9.6, ya gama aiki. Amma in mitar ta tsaya a 12 da wani abu ba ta motsa ba, kuma injin bai juya ba, to batirin ba shi da laifi, wutar ce ba ta isa kik. Nemi matsalar a kan wayoyi, ko wayar at da ke ɗaure a jikin inji, ko rilen.

Akwai hali guda da ke yaudarar ko da gwanaye: injin da ya cije. In ruwa ya shiga silinda, ko igiya ko dutse ya maƙale a farfelar famfon baya, ko gishiri ya kumbura zoben da farfelar ke juyawa a ciki, kik zai yi ta ja bai iya juyawa ba, mita kuma za ta faɗi kamar batir ne ya mutu. Tunda naka ya tashi da ishtiraki, wannan ba shi ne matsalarka ba. Amma wanda nasa ya ƙi juyawa ko da batir mai kyau, ya daina danna madanni. Ya leƙa famfon da tocila, ya cire fulogai ya ga ko akwai ruwa. Matsa wa injin da ruwa ke cikinsa yana lanƙwasa sandar fistin, kuma kuɗin wannan gyara ya ninka kuɗin batir sau da yawa.

Haka nan a duba ƙananan abubuwa. Igiyar tsaro da ake ɗaurawa a hannu ta zauna daidai a mazauninta. Wasu baburan Yamaha suna da rimot na kullewa, in an kulle ba za su tashi ba. Na Sea-Doo kuma makullin igiyar yana da lambar da kwamfutar babur ke ganewa, in gishiri ya taru a cikinsa sai ta ƙi karɓa.

Game da ishtirakin da kuka yi, ina roƙonka kada a sake. Haɗarinsa biyu ne. Na farko tartsatsi a wurin da tururin fetur ke taruwa, zan dawo kansa. Na biyu, mota da injinta ke aiki tana iya turo wutar da za ta ƙona rektifaya, wato na'urar da ke daidaita wutar caji, ko kwamfutar babur. Kuma tashin da ya yi ba caji ba ne. Kwayil ɗin babur ɗin ruwa ƙarami ne, an yi shi ne don ya mayar da abin da kik ya ci, ba don ya cika batirin da ya zube ba. Shi ya sa washegari kuka koma gidan jiya.

Wanne za ka saya

Bari in fara da wanda za mu cire daga lissafi: batirin mota. Ka gode wa abokinka, amma kada ka sa. Ba zai zauna a mazaunin batir ba, maɗaurin ba zai kama shi ba, kawunansa zagayayyu ne ba su dace da wayoyinka ba, nauyinsa ya kai ninki biyu. Babur ɗin ruwa yana dukan igiyar ruwa ɗaruruwan sau a fita ɗaya, kuma kifewa ba baƙon abu ba ne a wurinsa. Batir mai nauyin kilo goma sha wani abu da ya kwance a ɗakin inji yana iya fasa tiyon fetur ko ya haɗa kawunansa da ƙarfe. Araha ba ta ado a nan.

Lambar da ke jikin batir tana faɗa maka girmansa da tsarin kawunansa. Guda uku ne suka fi yawa a baburan ruwa. Naka, YB16CL-B, mai ruwa ne, 19Ah (Ah shi ne ma'aunin yawan cajin da batir ke ɗauka), tsawonsa milimita 175, faɗi 100, tsayi 175. YTX20L-BS da mai shago ya nuna maka 18Ah ne, tsawo 175, faɗi 87, tsayi 155. Na uku YB30CL-B, 30Ah, babba ne, ana samunsa a Sea-Doo masu injin 4-TEC na shekarun baya. Harafin L da ke cikin lambobin nan yana nufin in ka fuskanci batirin kawunansa na wajenka, (−) yana hagu, (+) yana dama. Ka kula da wannan harafi ƙwarai, don akwai YTX20-BS marar L, girmansu ɗaya sak amma kawunan a juye suke. Wayoyin babur gajeru ne, ba za su kai ba, wanda ya ja su da ƙarfi ya jona a juye kuwa zai ƙona babban fiyus in ya yi sa'a, in bai yi ba har da rektifaya da kwamfuta.

Ra'ayina shi ne ka bar mai ruwa ka koma irin da ake rubuta wa AGM. A cikinsa asid ɗin yana jiƙe ne a cikin wani abu kamar auduga ta zaren gilashi da ke matse tsakanin farantai. Ba ya zuba in babur ya kife, ya fi jure girgiza, ba a ƙara masa ruwa, kuma cajinsa ba ya zurarewa da sauri kamar na mai ruwa. In ka zagaya shagunan kayan jiragen ruwa ka samu AGM mai girman 16CL, shi ya fi, zai zauna daram. In babu, YTX20L-BS zai yi aiki. Tsarin kawunansa ɗaya da naka, ƙarfin bugun farko da ake rubutawa CCA kuma wajen 270 ne, ya ɗara na naka da ke wajen 240. In ka ga YTX20HL-BS, girmansu ɗaya, amma nasa ya kai 310, shi nake fifitawa. Bambancin Ah ɗaya ba abin damuwa ba ne.

Inda gizo ke saƙar shi ne girma. Ya fi naka siranta da milimita 13, ya fi shi gajarta da milimita 20. In ka ajiye shi haka, maɗaurin zai yi sako-sako, batirin ya riƙa tsalle. Wasu suna zuwa da matashin roba na ƙasa a cikin kwali. In babu, yanko roba mai tauri mai kaurin santimita biyu ka shimfiɗa a ƙasa, ka cusa wata a gefe. Kada ka sa kwali ko soso mai shan ruwa, katako ma yana ruɓewa. Bayan ka ɗaure, ka kama batirin da hannu biyu ka jijjiga: in ya motsa, aikin bai yi ba.

Na litiyam kuwa, ba ƙarya ba ne yana da kyau. Nauyinsa wajen kashi ɗaya cikin uku na mai dalma, yana riƙe caji watanni. Amma yana son cajarsa ta musamman, caja mai tsarin farfaɗo da mataccen batir tana lalata shi, ba ya jure wutar da ta wuce bolt 14.6, kuma ainihin abin da yake ɗauka sau da yawa bai kai lambar da aka buga a kwali da manyan baƙaƙe ba. Wanda ke tsere yana neman rage kilo huɗu, yana da hujja. Babur ɗin maigida da ake fita da shi Juma'a da Asabar ba ya bukatar wannan. In har za a sa, sai wanda aka rubuta LiFePO4 mai allon kariya a ciki, kuma sai an gwada cajin babur an ga bai wuce ƙa'ida ba. Ban ga babur ɗinka ba, ba ka kuma faɗi samfurinsa da shekararsa ba, don haka littafin da ya zo da shi shi ne alƙali a kan abin da kamfanin ya yarda a sa.

Ka tafi shago da mitarka. Batirin da aka cika tun daga masana'anta, in ya nuna ƙasa da 12.4 a kan kanta, ya daɗe a ajiye cikin zafi, ka nemi wani. Wanda ya zo a bushe da gorar asid ɗinsa daban ya fi kwanciyar hankali a ƙasa mai zafi, don shekarunsa ba sa fara ƙirguwa sai ranar da aka zuba.

Shirya sabon kafin ya shiga babur

Wannan mataki shi aka fi tsallakewa, kuma shi ke yanke wa batir kwana tun ranar farko. BS da ke ƙarshen lambar yana nufin asid ɗin yana cikin gora mai baki shida. Ka ajiye batirin a ƙasa mai daidai, a inuwa, inda iska ke wucewa. Sa tabarau da safar hannu ta roba. Ɓare takardar azurfar da ta rufe ramukan, cire murfin gorar ka ajiye shi don shi ne zai zama murfin batirin, kada ka huda bakunan gorar, ka kifa ta a kan ramukan ka danna sau ɗaya da ƙarfi. Za ka ga kumfa na tashi a duka shida. Ka bar ta har ta tsiyaye tas, in wani ɗaki ya tsaya ka ɗan ƙwanƙwasa. Asid ɗin da ya zo da shi kaɗai ake zubawa, ya fi na batirin mota kauri, ba a ƙara wani ba a rage.

Bayan ka cire gorar, ka bar batirin ya huta awa ɗaya, asid ya ratsa farantai. Sannan caji. A wannan lokaci bai wuce kashi 75 zuwa 80 cikin 100 na cikarsa ba, kuma in aka fara aiki da shi a haka da wuya ya taɓa kai wa cikakken ƙarfinsa. Ƙa'idar caji ita ce kashi ɗaya cikin goma na Ah ɗinsa: batir mai 18Ah, amfiya 1.8, na awa biyar zuwa goma. Caja mai kashe kanta ta amfiya 1.5 zuwa 2 ita ce daidai. Kada ka kai shi unguwar makanikai ta Sana'iyya a ɗora masa babbar cajar motoci ta gaggawa. In ka taɓa jikinsa ka ji ya yi zafi sosai, ka kashe ka bar shi ya huce. Ka duba jikin cajar ma ka ga bolt ɗin da take karɓa, don har yanzu akwai tsofaffin gine-gine masu soket na bolt 127 kusa da na 220.

In ya cika, danna murfin da tafin hannu har ya zauna daidai da saman batirin, ba da guduma ba. Daga ranar ba a sake buɗe shi, ba a ƙara masa ruwa har abada. Bayan hutun awa biyu ya kamata mita ta nuna 12.8 ko sama.

In kuma ka samu irin naka mai ruwa ka fi son sa, cika kowane ɗaki zuwa layin sama, ka cire ɗan murfin da ke toshe bakin numfashinsa na gefe, ka yi caji da murafun a sassauce. Nan gaba in ruwan ya ragu, tataccen ruwan batir kaɗai ake ƙarawa, ba asid ba, ba na famfo ba.

Cirewa da sakawa

Kayan aiki kaɗan ne: sifana lamba 10, wani lokaci 8, sukudireba mai kan kuros, burushin waya ko sanfefa, giris na kan batir, tsumma, da mita. Babur ya kasance a kan tirela a fili, ba a ruwa ba, ba a rufaffen gareji ba. Cire igiyar tsaro daga mazauninta. Cire zobe da agogon ƙarfe daga hannunka.

Ɗaga kujera ka buɗe duk murafu, ka bar ɗakin inji ya sha iska aƙalla minti biyar zuwa goma. Ka sunkuya ka shinshina. Tururin fetur ya fi iska nauyi, yana kwanciya ne a ƙasan babur, ba shi da hanyar fita kamar a mota. In ka ji warin fetur mai ƙarfi, ka ajiye sifana, a fara nemo inda yake yoyo. Wannan ne babban haɗarin aikin gaba ɗaya. Ba sigari, ba caji a cikin babur, ba gwada waya da tartsatsi.

Mazaunin batir ya danganta da samfuri. A yawancin Yamaha yana ƙarƙashin kujera ta baya ko kusa da nan, a wasu Sea-Doo yana gaba ƙarƙashin akwatin kaya. Kafin ka taɓa komai ka ɗauki hoto da wayarka, don sau da yawa akwai ƙananan wayoyi fiye da ɗaya a kan kowane kai, kuma mantuwa da ɗaya tana hana allo ko famfon fitar da ruwa aiki.

Baƙar waya (−) ake fara kwancewa. Dalili: jikin inji duka a haɗe yake da (−). In ka fara da ja alhali baƙar na ɗaure, sifanarka ta taɓa ƙarfe, wuta za ta tashi nan take. In baƙar ta riga ta fita, ko sifana ta taɓa ba abin da zai faru. Ka lanƙwasa ta gefe yadda ba za ta dawo ta taɓa kan batir ba. Sannan ja (+). Sannan zare tiyon numfashi, kwance maɗauri, ka ɗago batirin a miƙe kada ya karkata.

Wanke mazaunin. Cokali ɗaya na bikarbunat, wanda ake samu a kowane shagon kayan masarufi, a kofin ruwa ɗaya. In babu, jiƙaƙƙiyar kanwa ma tana kashe asid. Zuba har kumfa ya daina, ɗauraye da ruwan daɗi, share ya bushe. Goge kawunan wayoyi har su yi ƙyalli ciki da waje. Ka lanƙwasa wayar kusa da kanta: in ka ji ta yi tauri tana ƙaras-ƙaras, ko ka ga kore a ƙarƙashin roba, a yanke a sa sabon kai, in ya yi nisa a sauya wayar. Sabon batir ba ya gyara ruɓaɓɓiyar waya.

Saka sabon, kawunansa suna fuskantar inda na tsohon suka fuskanta, ka ɗaure shi tukuna. Akwai ɗan noti mai kusurwa huɗu da ke shiga cikin kan batir, yana yawan zamewa ƙasa yadda sukurun ba zai kamo shi ba, ko ya faɗa ƙasan babur. Yanko ɗan guntun tiyo ka cusa a ƙarƙashinsa ya tokare shi. Yanzu jeri ya juya: ja (+) farko, a mayar da hular robarta, baƙa (−) a ƙarshe. Babbar waya ita ke kwanciya a jikin dalma, ƙananan a samanta. Ɗaure da sifana, ba da sukudireba kaɗai ba, har wayar ta ƙi juyawa in ka murɗa ta da hannu, amma kada ka wuce nan don dalma tana da taushi. Giris ana shafa shi ne bayan an ɗaure, a rufe duk inda ƙarfe ya fito.

Tiyon numfashi: in batir mai ruwa ka sa, dole a mayar da shi, a tabbata bai toshe ba bai lanƙwashe ba, don batirin da ya kasa numfashi yana kumbura har ya fashe. In AGM ne ba ya bukatarsa. Ka toshe bakin tiyon ka ɗaure shi gefe, kada ya zama ƙofar da ruwa zai bi ya shigo.

Bayan an saka

Gwaji biyu suka rage, su ne za su faɗa maka ko akwai wani abu bayan zama da zafi. Na farko caji. Jona tiyon wanke inji, ka tayar da inji tukuna sannan ka buɗe ruwa. In za ka kashe, rufe ruwa tukuna sannan ka kashe inji. In ka juya jerin, ruwa zai bi ta salansa ya shiga silinda. Ba tiyo kuwa, kada inji ya wuce daƙiƙa 15 a tudu, ko da tiyon ma minti ɗaya zuwa biyu ya isa wannan gwaji. Ɗan ƙara wuta kaɗan ka duba mita a kan batir: tsakanin bolt 13.5 da 14.5 lafiya. In ta tsaya a 12 da wani abu, babur ba ya caji, a duba fiyus, rektifaya da kwayil. In ta haura 15, rektifaya ta lalace tana dafa batir, kuma za ta dafa sabon ma cikin 'yan makonni. Tunda an yi ishtiraki da mota, wannan gwaji wajibi ne a gare ka.

Na biyu satar wuta. Komai a kashe, igiyar tsaro a cire, a jira minti kaɗan allo ya mutu. Cire baƙar waya, mai da mita ma'aunin amfiya, tsinke ɗaya a kan (−) na batir, ɗaya a kan wayar. Kada a danna madannin tayarwa a wannan hali, fiyus ɗin mitar zai ƙone. 'Yan miliamfiya kaɗan ba komai. Amma ka yi lissafi: abin da ke jan miliamfiya 20 yana cin kusan rabin Ah a yini, cikin kwana 40 ya shanye batir mai 18Ah ƙaf. Masu laifin da muka fi kamawa su ne lasifikan da aka ƙara daga baya, na'urar bin sawu, da famfon fitar da ruwa da aka jona kai tsaye. Zare fiyus ɗaya-ɗaya har lambar ta faɗi, ka gano layin.

Baburan zamani masu birki da ribas na lantarki, irin iBR na Sea-Doo da RiDE na Yamaha, ba sa haƙuri da raunin batir. Sukan nuna alamar matsala a allo tun kafin kik ya fara kasawa. In ka ga haka, fara da awon batir kafin a kwance wani abu.

Kula da shi kuma ba wuya. In babur zai yi fiye da mako biyu bai fita ba, cire baƙar waya. In zai kai wata, fitar da batirin gaba ɗaya ka kai shi ɗaki mai sanyi, ka jona shi da ƙaramar caja mai lura da kanta, ko ka yi masa caji sau ɗaya a wata, kada ka bar shi ya sauka ƙasa da 12.4. Tayar da inji na minti ɗaya a kan tirela ba ya ƙara masa komai, abin da kik ya ci ma bai mayar ba. Bayan kowace fita, in an wanke da ruwan daɗi, a bar kujera a ɗage ɗakin inji ya bushe kafin a rufe.

Fitar farko bayan sauyi ka yi ta kusa da gaɓa, da rigar ceto a jikinka. Ka kashe ka tayar sau biyu ko uku inda ƙafarka ke iya taɓa ƙasa, nesa da duwatsun murjani, kafin ka nufi bakin teku, kuma lambar gaggawa ta Haras al-Hudud, wato jami'an tsaron iyakar Saudiyya, 994, ta kasance a wayarka. Da ka dawo ka sake taɓa sukurorin nan biyu na kan batir da sifana, sukan ɗan saki bayan girgizar farko.

Tsohon batirin kada ya shiga kwandon shara, kada a zubar da ruwansa a ƙasa ko a teku. Ka ajiye shi a miƙe cikin roba, inda yara ba sa kaiwa, ka kai wa mai shagon batir ko masu sayen tsohon ƙarfe, suna karɓa saboda dalmar ana narkar da ita a sake aiki da ita. In asid ya taɓa fata a wanke da ruwa mai yawa, in ya shiga ido a yi ta zuba ruwa minti 15 sannan a tafi asibiti ba tare da jira ba. In ka yi awon nan, turo mini lambobi uku da mita ta nuna, na hutu, na lokacin danna madanni, da na lokacin da inji ke aiki, tare da samfurin babur ɗin da shekararsa.